Kullum sai a ce wata jami'a ta gano madadin filatinam, to ina kayan a kasuwa?

Injiniya_Sola_KD:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni sana'ata haɗa wutar sola a gidaje da shaguna, don haka duk labarin da ya shafi ajiyar wuta ina bibiyarsa. Wata ba ya ƙarewa ban ci karo da labarin cewa masu bincike a wata jami'a ta Amurka ko Sin ko Ostireliya sun gano sabon sinadari mai arha da zai maye gurbin filatinam, ƙarfen nan mai tsada, wajen raba ruwa a fitar da haidurojin ba. Na fi shekara goma ina karanta irin wannan, amma har yau batirin litiyam da na ruwa nake ɗora wa mutane. Shin binciken nan yana da inda ya dosa, ko dai takardu kawai ake tarawa don ƙarin girma? Masu ilimin sinadarai ku warware mana.

Maman_Sultan:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, don Allah a fara gaya mana mene ne shi wannan sinadarin, kuma me ya haɗa shi da wuta. Wasunmu ba mu taɓa jin zancen ba.

Malama_Kimiyya:
Maman Sultan, bari in kwatanta miki yadda nake yi wa ɗalibaina 'yan aji biyar. Ki samu kofin ruwa ki zuba bekin soda kaɗan, ki fiƙe fensir biyu ta kowane ɓangare, ki haɗa su da ƙaramin batir mai volt 9, ki tsoma bakunansu a ruwan. Za ki ga kumfa na tashi. Gefe ɗaya haidurojin ne, ɗaya gefen oksijin. Kada a sa gishiri, domin shi iskar kulorin yake fitarwa. Tun 1800 wasu Turawan Ingila biyu, Nicholson da Carlisle, suka yi wannan gwaji, ba sabon abu ba ne.

A lissafi volt 1.23 ya isa ya raba ruwa. Amma a aikace sai an kai wajen 1.8 zuwa 2 kafin aiki ya kankama, kuma rarar nan zafi take zama, wato asarar wuta. Abin da ake shafawa a jikin sandunan da ke cikin ruwan don a rage wannan asara, shi ne katalis na lantarki. Idan aka juya aikin, aka haɗa haidurojin da oksijin don su ba da wuta da ruwa, nan ma sai da shi.

Baffa_Gwale:
Ashe dai kamar kanwa ce a tukunyar wake. Ta sa ya nuna da wuri, a huta da ƙona itace.

Malama_Kimiyya:
Ka kusa, Baffa, sai dai kanwa narkewa take a cinye ta tare da waken. Shi katalis dillali ne. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya kama na gaba. Kuma akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Paul Sabatier, Bafaranshen da ya samu kyautar Nobel a 1912: idan ya riƙe abin da ya zo hannunsa da ƙarfi, ba zai sake shi ba, idan ya riƙe sako-sako, zai suɓuce kafin a gama. Filatinam yana riƙe haidurojin daidai wa daida, shi ya sa ya gagari sauran ƙarafa.

Sinadari_a_Turai:
Injiniya, tambayarka ta zo inda nake, domin a kan wannan nake digirina na uku, shekara ta uku ke nan. Ba ƙarya masu binciken suke yi ba, amma kanun labarin yana tsallake rabin zancen.

A ɗakin gwaji, abin da muke aunawa sau da yawa faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Ma'aunin da aka saba kwatanta sakamako da shi wuta miliamfiya 10 ne a kowace murabba'in santimita, a bar shi ya yi awa goma, ko ashirin da huɗu, wanda ya yi ƙoƙari ya kai ɗari. Masana'anta kuwa tana son ya ɗauki ninkin wannan wuta sau ɗari ko fiye, cikin zafin digiri 60 zuwa 80, ya yi awa dubu sittin zuwa dubu tamanin bai gaji ba. Awa dubu tamanin shekara tara ce da 'yan kai. Mafi yawan sababbin sinadaran nan a wannan gaɓar suke faɗuwa: wani ya narke, wani ya ɓare daga jikin sandar saboda ƙarfin kumfa, wani ƙwayoyinsa su dunƙule fuskar da ke aiki ta ragu. Ɗalibi kuma ba shi da shekara tara da zai zauna yana gadin gwaji ɗaya.

Injiniya_Sola_KD:
To ai wannan shi ne abin da nake zargi. Kamar in gwada inbata na minti biyar in ce wa mai gida ta yi, alhali ban ɗora mata firiza da famfon rijiya ba.

Abu_Hanan:
Ni ina ganin kun yi wa masu binciken tsauri. Ba aikin jami'a ba ne ta kai kaya kasuwa. Aikinta ta gano dalili. Jens Nørskov da abokan aikinsa a jami'ar fasaha ta Denmak sun nuna a 2005 cewa da lissafin kwamfuta za a iya hango ƙarfen da zai yi kyau wajen fitar da haidurojin, tun ba a taɓa shi da hannu ba. A wannan shekarar suka yi hasashen cewa gefunan wani sinadari na molibdinam da farar wuta za su yi aikin, a 2007 kuma gwaji ya tabbatar. Kafin nan lalube ake yi cikin duhu. Ko da wannan sinadari bai shiga masana'anta ba, hanyar da suka buɗe kowa ita yake bi yanzu.

Sinadari_a_Turai:
Haka ne Malam Abu Hanan. Kuma akwai gyaran da nake son yi wa ainihin tambayar. Na'urorin raba ruwa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai ta alkalin, mai aiki da ruwa dangin ruwan toka da sodar masu sabulu. Wannan ba ta buƙatar filatinam, nikel take amfani da shi, kuma kusan shekara ɗari ke nan tana aiki a masana'antu. Babban aikin da kamfanin Sinopec ya buɗe a Kuqa ta lardin Shinjiyan na ƙasar Sin a 2023 irinta ce, haka wanda ake ginawa a NEOM ta Saudiyya.

Ɗayar kuma mai tantani ce a tsakiya, cikinta asid ne kamar ruwan batir. Ita ce ta fi dacewa da sola da iska, domin tana bin wuta da sauri idan ta hau ko ta sauka, kuma ba ta cin wuri. A cikin asid ɗin nan, a gefen da oksijin ke fita, kusan duk ƙarfen da ka sa sai ya narke. Wanda ke jurewa shi ne iridiyam. Matsalar ma ta fi ta filatinam tsanani, domin iridiyam da duniya ke haƙowa a shekara tan 7 ne zuwa 8 kacal, tirela ɗaya ta kwashe shi da sauran wuri, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Ba shi da ma'adanar kansa, a gefen aikin filatinam ake samunsa, don haka ko kuɗinsa ya ninka ba za a iya ƙara haƙarsa yadda ake so ba.

Oga_Sani_Bakanike:
Ku tsaya, wannan filatinam ɗin ba shi ne ke cikin indomin mota ba? Wanda ake yankewa daga salansa a sayar? Mu a gareji mun san yana da tsada, har mai mota sai ya tsaya a kan motarsa idan za a taɓa salansa, amma ban taɓa sanin dalili ba.

Malama_Kimiyya:
Shi ne, Oga Sani. Akwai filatinam da faladiyam da rodiyam shafe a jikin ramukan nan masu kama da saƙar zuma. Shi ma katalis ne, sai dai da zafin hayaƙi yake aiki ba da lantarki ba: yana juya gubar hayaƙin ta koma mai sauƙi. Masu saye narkar da shi suke a fitar da ƙarafan. Motar da aka cire wa shi tana zuba wa mutane hayaƙi mai cutarwa, ka riƙa gaya wa masu kawo maka aiki.

Ɗan_Damagaram:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne ruwa. Mu da muke neman na sha, a ce kuma za a riƙa fasa shi don a samu makamashi?

Abu_Hanan:
Ɗan uwa, lita 9 ce ke ba da kilo ɗaya na haidurojin a lissafi. A aikace ya fi haka saboda tacewa da sanyaya na'ura. Amma wutar ita ce babbar magana: kilo ɗayan nan yana cin yunit 50 zuwa 55. Tsabtar ruwan ita ce wahala, domin gishiri da datti suna kashe katalis. Shi ya sa wasu ke binciken wanda zai jure ruwan teku kai tsaye, wasu masanan kuma suna cewa tace ruwan tekun tukuna ya fi sauƙi da arha.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ku bar ni in shigo da lissafin 'yar kasuwa. An ce kilo ɗaya yana cin yunit 50 da wani abu. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗin yunit 33 ne. Idan ka mayar da shi wuta, kusan rabi ya sake tafiya. Wato ka zuba yunit 100 ka kwashi 30 zuwa 40. Batirin litiyam kuwa ka zuba 100 ya mayar maka da wajen 90. Wace uwar gida ce za ta auna kwano goma ta karɓi uku? Injiniya, ka ci gaba da ɗora batirinka, haidurojin ba na gida ba ne.

Injiniya_Sola_KD:
Hajiya, wallahi kin faɗi abin da ke raina. To in haka ne me ya sa ake zuba masa kuɗi haka?

Manomi_Kadawa:
Saboda taki, Injiniya. Wannan kam na sani. Yuriya daga amoniya ake yinta, amoniya kuma haidurojin ce da naitirojin na iska. A yanzu daga iskar gas ake ciro haidurojin ɗin, kamar yadda masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki da ta Indorama a Eleme suke yi. Batir ba zai ba ka buhun taki ba ko nawa ka caja shi.

Abu_Hanan:
Madalla da Manomi. Duniya tana amfani da haidurojin sama da tan miliyan 90 a shekara, galibi a matatun mai da masana'antun taki, kuma wanda ake samu ta hanya mai tsabta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan gurbin ake son cikewa, da narkar da tama, ba fitilar ɗaki ba. Kuma a Afirka an taɓa yin taki da haidurojin na ruwa. Masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara a 1960 da wutar madatsar ruwa, Sable Chemicals a Kwekwe ta Zimbabuwe ma ta yi shekaru arba'in da wani abu a haka kafin ta rufe na'urorin a 2015 saboda tsadar wuta. Ka ga inda katalis ya shigo: duk ɗigon volt da aka rage, kuɗin wuta ne ya sauka.

Sinadari_a_Turai:
Tunda an ambaci amoniya, bari in faɗi abin da ke ba wa zargin Injiniya ƙarfi, don kada a ce ina kare gidanmu. An yi wasu shekaru takardu suna ta fitowa cewa an samu katalis mai juya naitirojin na iska ya zama amoniya a cikin ruwa, ba zafi ba matsi. A 2019 wata tawaga ƙarƙashin Ib Chorkendorff na Denmak ta fitar da tsarin tantancewa a mujallar Nature, suka sake gwada da dama daga ciki, sai ga shi amoniyar ba daga katalis take ba. Daga iskar ɗaki take, ko safar hannu, ko dattin da ke cikin iskar gwajin, domin abin da ake aunawa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Hanyar da ke amfani da litiyam ce ta ci jarrabawar tantancewar.

Ni ma ya faru da ni a shekarata ta farko. Na haɗa wani sinadari na nikel, kullum na auna sai in ga yana ƙara kyau. Na yi sati uku ina murna. Wata babbar ɗaliba a ɗakin ta duba ta ce in cire wayar filatinam da na sa a ɗaya gefen in sa sandar gawayi. Ashe wayar ce ke narkewa kaɗan-kaɗan tana zuwa tana manne wa sinadarina. Da na canza, kyawun ya tafi gaba ɗaya. Na ji zafin abin sosai, amma da na buga shi a takarda fa?

Ummu_Khairat:
Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri. Kai ma Allah ya ba ka sa'ar kammalawa, ƙanena.

Malama_Kimiyya:
Amin. Amma datti ba kullum yake ɓata aiki ba. Shekaru ana yaba nikel wajen fitar da oksijin, sai a 2014 ɗakin binciken Shannon Boettcher a jami'ar Oregon ya tace ruwan gwajin tas, aka ga nikel shi kaɗai rago ne. Ɗan burbushin baƙin ƙarfe da ke cikin ruwan ne ke yin aikin. Wani mai bincike a kamfanin General Motors, Dennis Corrigan, ya lura da haka tun 1987, ba a mayar da hankali ba. Yau haɗin nikel da baƙin ƙarfe yana cikin mafi kyau a ɓangaren alkalin, kuma duka biyun ba su da tsada.

Sadauki_77:
Duk wannan bayani ne mai kyau, amma ni ina tare da Injiniya. Ina labarin ganyen roba na Daniel Nocera? A 2008 a jami'ar MIT ta Amurka ya fito da katalis na kobalt da fosfet, a 2011 ya nuna wani ɗan allo da za ka jefa a ruwa cikin rana ya riƙa fitar da haidurojin, aka ce talakawan duniya sun samu wuta. Kamfanin da ya kafa, Sun Catalytix, ya bar wannan hanya ya koma batir, a 2014 kamfanin Lockheed Martin ya saye shi. Ina ganyen yake yau?

Abu_Hanan:
Ganyen bai shiga kasuwa ba, gaskiya ne, domin bai fi haɗa faifan sola na yau da kullum da na'urar raba ruwa arha sosai ba. Amma Malam Sadauki, wanda ya shiga kasuwa ba ya zuwa da ganga. Motar Toyota Mirai mai amfani da haidurojin da ta fito a 2014, katalis ɗin cikinta gamin filatinam da kobalt ne, abin da aka yi shekaru ana nazarinsa a ɗakunan gwaji don a rage filatinam. Kuma kulorin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, da sodar da mata ke haɗa sabulu, daga raba ruwan gishiri da lantarki suke fitowa. Da sandunan gawayi ake yi suna cinyewa, har Henri Beer ya fito da taitaniyam mai shafen ruteniyam a tsakiyar shekarun 1960, masana'antar duka ta koma kansa. Kana amfani da katalis na lantarki kullum, sunansa ne ba a rubuta a jikin kwali ba.

Sadauki_77:
Na karɓi na Mirai. Shi Beer kuwa ba a jami'a ya yi nasa ba, kuma tambayar a kan jami'o'i take.

Dakta_Zinariya:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a a nan gida, kuma abin da ke damuna daban ne. Afirka ta Kudu ta duba ta ga filatinam a ƙasarta yake, sai ta kafa shirin binciken haidurojin na HySA a 2008, ta ba jami'ar Kef Tawun da cibiyar Mintek ɓangaren katalis, don kada ta tsaya sayar da ɗanyen ƙarfe kawai. Wannan tunani nake so mu yi da abin da muke da shi, ga rana ga buƙatar taki.

Ɗalibata ta haɗa gawayi daga ƙaiƙayin shinkafa, ta sa masa naitirojin da baƙin ƙarfe, irin dangin da ake fatan zai maye filatinam a gefen oksijin na batirin haidurojin, wato na'urar da ke haɗa haidurojin da oksijin su ba da wuta. Na'urar aunawa ɗaya ce a sashen namu. Sau huɗu tana fara gwajin juriya na awa ɗari wuta na ɗaukewa a tsakiya, ta koma farko. Daga ƙarshe da kuɗin aljihunmu muka sayi batir da inbata. Hoton ƙwayoyin kuwa sai da muka aika samfurin waje muka jira wata biyar.

Sinadari_a_Turai:
Ranki ya daɗe Dakta, wannan ƙoƙari ne babba. Shawarata, da girmamawa: takardun gawayin ɓawo da ƙaiƙayi sun yi yawa ƙwarai a duniya, kusan kowane ɓawo an ƙona an gwada. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai faɗi gaskiyar awa nawa abin ya yi kafin ya mutu, da dalilin mutuwarsa. Tun 1964 Jasinski ya nuna irin wannan dangi yana aiki, tawagar Dodelet a Kanada a 2009 da ta Zelenay a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka a 2011 suka kai shi kusa da filatinam, amma saurin lalacewa ne ya riƙe shi har yau. Idan ɗalibarki ta tsaya a nan, za a karanta aikinta. Kuma a ɗakinmu akwai na'urar ɗaukar hoton, zan tambayi malamina ko za a karɓi samfurinku.

Dakta_Zinariya:
Na gode ƙwarai, zan tuntuɓe ka ta akwatin saƙo.

Injiniya_Sola_KD:
Dakta, maganar wutar nan ta taɓa ni. Na'urar aunawar ba za ta ci wutar kirki ba. Ki gaya mini wat nawa take ja ita da kwamfutarta, in lissafa miki faifai da batirin da za su riƙe ta kwana biyar ba yankewa, aikin haɗawa kuma kyauta zan yi. Amma ina nan a kan bakana game da kanun labarai. Daga yau duk wanda na gani, abin da zan fara nema shi ne awa nawa aka gwada, kuma a asid ne ko a alkalin.

Maman_Sultan:
Malama, mun gwada na fensir ɗin da yara yanzu. Gefe ɗaya kumfarsa ta fi ta ɗayan yawa sosai, mun yi kuskure ne?

Malama_Kimiyya:
Ba ku yi kuskure ba. Mai yawan shi ne haidurojin, domin a ruwa kashi biyu ne shi, oksijin ɗaya. Sannan gefen oksijin ya fi nawa, wani ɓangarensa ma yana cin bakin fensir ɗin. Ku bar shi ya ɗan jima ku duba wane baki ne ya fara zaizayewa.